Labarin Zuciya a Tambayi Hannu? Tsokaci Kan Niyya da Hukunci a Filin Ƙwallo

Gabatarwa

Ranar Talata, 26 ga watan Yuni na shekarar 2018, rana ce da masu sha'awar ƙwallon ƙafa a ƙasar nan ba za su yi saurin mantawa da ita ba. A daren wannan rana ne Nijeriya ta kara da Ajantina a birnin St. Petersburg na ƙasar Rasha, a wasanta na ƙarshe na rukuni a gasar cin kofin duniya. Lionel Messi ya fara jefa ƙwallo a ragarmu, Victor Moses ya farke ta da bugun fenareti jim kaɗan bayan an dawo daga hutun rabin lokaci, kuma kunnen doki kawai muke bukata mu tsallake zuwa zagaye na gaba. Saura kamar minti goma a tashi sai ƙwallo ta taso sama ta nufi gidan Ajantina. Mai tsaron bayansu Marcos Rojo ya yi tsalle don ya kore ta da ka, ta goge kansa ta sauka a kan hannunsa. 'Yan wasanmu suka yi caa a kan alƙalin wasa, Cüneyt Çakır, mutumin Turkiyya. Ya tafi gefen fili ya sake duban abin da ya faru a allon na'ura, ya dawo ya ce babu laifi. Ba a jima ba, a minti na 86, wannan Rojo ɗin dai ya ci mu ƙwallo ta biyu, muka tattara kayanmu muka dawo gida.

A ɗakin da na kalli wasan, gardama ta kaure tsakanin abokaina biyu har kusan tsakar dare. Na farko ya ce hannu dai hannu ne, tun da kowa ya ga ƙwallo ta taɓa shi, to magana ta ƙare. Na biyu ya ce ai mutumin da kansa ya nufi ƙwallo, kuma ba a hukunta mutum a kan abin da bai yi nufi ba. Da na natsu daga baya sai na lura cewa gardamar tasu ta girmi ƙwallon ƙafa nesa ba kusa ba. Ita ce tsohuwar tambayar da ke gaban duk wanda aka ɗora wa yanke hukunci, wato shin aikin da ido ya gani ake hukuntawa, ko kuwa niyyar da ta haife shi? Idan niyya ce, ta yaya ɗan Adam zai gano abin da ke cikin zuciyar ɗan'uwansa? Ba banza ba Bahaushe ya kira mai busa usur a fili da sunan alƙali. Wannan maƙala za ta bi diddigin wannan tambaya ta hanyar duban yadda alƙalan wasa suke aiki da dokar taɓa ƙwallo da hannu.

Asalin Dokar

A shekarar 1863 ne wasu ƙungiyoyi suka taru a birnin Landan suka kafa hukumar ƙwallon ƙafa ta Ingila, suka rubuta dokokin wasan na farko. Daga nan ne ƙwallon ƙafa ta raba gari da wasan zari-ruga, inda ɗan wasa yake rungumar ƙwallo ya ruga da ita. Ko a lokacin ba a haramta hannu gaba ɗaya ba, domin dokokin farko sun yarda ɗan wasa ya cafe ƙwallo idan ta taso sama. A hankali aka yi ta rage wannan dama, har aka keɓe ta ga mai tsaron gida shi kaɗai, sannan a 1912 aka taƙaita shi ma ga cikin yadi goma sha takwas na gidansa. Ke nan hana hannu shi ne abin da ya ba wasan kamanninsa da sunansa. Idan aka cire shi, abin da ya rage wani wasa ne dabam.

Abin lura a nan shi ne, a farkon al'amari babu alƙali a tsakiyar fili kamar yadda muka sani a yau. Shugabannin ɓangarorin biyu ne suke sasanta saɓani, bisa zaton cewa mutumin kirki ba zai karya doka da gangan ba. Da wasan ya zama na kofi da kuɗi, sai wannan kyakkyawan zato ya kasa ɗaukar nauyin da aka ɗora masa. A farkon 1891, a wani wasan kofin Ingila tsakanin Notts County da Stoke, wani mai tsaron baya ya sa hannu ya tare ƙwallon da ke shirin shiga raga, kuma ƙungiyarsa ta ci ribar abin da ya yi. A cikin wannan shekara aka shigar da bugun fenareti cikin doka, aka kuma ba alƙali cikakken iko a fili. Ashe ke nan, ranar da amana ta yi rauni ita ce ranar da aka bukaci usur.

Hukumar da ke kula da dokokin wasan, wato IFAB, an kafa ta a 1886, kuma tana da ƙuri'u takwas: huɗu na hukumomin Ingila da Sikotilan da Wales da Ireland ta Arewa, huɗu na FIFA, kuma ba a canza doka sai da ƙuri'u shida. Dokokin guda 17 ne, maganar hannu tana cikin ta 12. Shekara da shekaru kalma ɗaya ce ginshiƙin wannan sashe, ita ce ganganci. An ba alƙali alamomin da zai duba: shin hannu ne ya je wa ƙwallo ko ƙwallo ce ta zo wa hannu, kuma mene ne tazarar da ke tsakanin wanda ya buga da wanda aka buga wa. Wato dai an ɗora masa ya karanta zuciya daga motsin gaɓɓai, cikin ƙiftawar ido, yana gudu, dubban mutane suna yi masa ihu.

Hannayen Ganganci

Bari mu fara da inda babu shakka a kan niyya. A ranar 22 ga Yuni, 1986, a filin Azteca na birnin Meziko, Diego Maradona ya yi tsalle tare da mai tsaron gidan Ingila, Peter Shilton, wanda ya fi shi tsawo sosai, ya doki ƙwallo da hannun hagu ta faɗa raga. Alƙalin wasa Ali Bin Nasser, mutumin Tunisiya, bai gani ba, ya ba da ci. Ajantina ta yi nasara da ci 2 da 1, ta ci gaba har ta ɗauki kofin. Da aka tambayi Maradona bayan wasa, sai ya raba aikin biyu, ya ba kansa kaɗan, ya jingina kaɗan ga abin da ya kira hannun Ubangiji. Sai bayan shekaru ya fito fili ya ce hannunsa ne. Haka nan a ranar 18 ga Nuwamba, 2009, a birnin Paris, Thierry Henry ya tare ƙwallo da hannu ya miƙa wa William Gallas ya ci, Faransa ta tafi gasar kofin duniya, Ireland ta zauna gida. Shi Henry bai musa ba bayan an tashi, sai dai ya ce ai ba shi ne alƙali ba.

Wannan amsa ta Henry ta cancanci a tsaya a kanta, domin ita ce falsafar mutane da yawa a cikin fili da wajensa. Ma'anarta ita ce, aikina shi ne in nemi nasara, aikin alƙali shi ne ya kama ni, idan bai kama ni ba to laifin ya koma kansa. Mai wannan ra'ayi ya miƙa wa wani mutum dabam ajiyar lamirinsa. Amma kuwa idan muka yarda da shi, dole mu yarda cewa ɓarawon da mai gadi bai gani ba ya zama mai gaskiya. Kuskuren alƙali yana iya tabbatar da ci a takarda, ba ya iya wanke wanda ya san abin da hannunsa ya aikata.

Misali na uku ya fi waɗannan wuyar warwarewa. A ranar 2 ga Yuli, 2010, a birnin Johannesburg, Gana da Yurugwai suna kunnen doki 1 da 1 a minti na ƙarshe na ƙarin lokaci. Dominic Adiyiah ya sa kai, ƙwallo ta nufi raga babu mai tsaron gida a gabanta, sai Luis Suárez ya sa hannu biyu ya mayar da ita. A nan alƙali ya gani, kuma ya yi duk abin da doka ta ce: ya ba Suárez jan kati, ya ba Gana fenareti. Asamoah Gyan ya buga, ƙwallo ta daki sandar sama ta fita. Yurugwai ta yi nasara a bugun raba gardama da ci 4 da 2. Da ƙwallon Adiyiah ta shiga, da Gana ce ƙasar Afirka ta farko da ta kai wasan kusa da na ƙarshe, abin da bai samu ba sai a 2022 a hannun Maroko. A wannan shekara ta 2022 ma, da aka sake tambayar Suárez, ya ce ba zai nemi gafara ba, domin an hukunta shi, kuma ba shi ne ya zubar da fenaretin ba.

To, mai karatu, an yi adalci ko ba a yi ba? An bi doka daki-daki, amma wanda ya karya ta ne ya kwana da dariya. Abin da Suárez ya yi shi ne ya mayar da hukunci farashi. Ya auna ci tabbatacce da bugun da ake iya zubarwa, ya ga cinikin da riba, ya biya. Fenareti dai kusan uku cikin huɗu ne suke shiga, saboda haka ya sayi damar kashi ɗaya da jan kati a lokacin da wasa ya riga ya ƙare. A wasan zari-ruga, idan aka hana ci tabbatacce ta hanyar laifi, alƙali yana da ikon ya ba da cin kai tsaye. Ƙwallon ƙafa ba ta da irin wannan tanadi. Darasin da ke nan shi ne, duk dokar da ribar karya ta ta fi zafin hukuncinta, ta zama kasuwa. Amma kuma ko da an biya farashin, ba a sayi halaccin aikin ba. Tara da attajiri ya biya don ya take haƙƙin maƙwabcinsa ba ta mayar da shi maƙwabcin kirki.

Hannayen da Ba a San Niyyarsu Ba

Irin waɗancan hannaye na ganganci ƙarara ba su da yawa. Mafi yawan abin da alƙali yake fuskanta kowane mako irin na Rojo ne, inda shi kansa ɗan wasan da wuya ya iya rantsuwa a kan abin da ya nufa. Kwana 19 kacal bayan wasanmu da Ajantina, a wasan ƙarshe na wannan gasa a birnin Mosko, an bugo kwana, ƙwallo ta wuce kan ɗan Faransa Blaise Matuidi ta daki hannun Ivan Perišić na Kuroshiya da ke daf da bayansa. Alƙali Néstor Pitana bai busa ba da farko. Ya je ya daɗe yana duban allo, ya dawo ya ba da fenareti. Ana 1 da 1 a lokacin, Faransa ta ci, ta ƙare da ɗaukar kofi da ci 4 da 2. Gasa ɗaya, doka ɗaya, na'ura ɗaya, amma hukunci biyu. A shekarar da ta biyo baya, ranar 1 ga Yuni, 2019, a wasan ƙarshe na gasar zakarun Turai a Madrid, ba a cika rabin minti da farawa ba Sadio Mané ya buga ƙwallo ta daki ƙirjin Moussa Sissoko ta gangara hannunsa da ke miƙe. Aka ba Liverpool fenareti, ta kuma doke Tottenham da ci 2 da nema.

Irin wannan saɓani ya sa masu dokar suka nemi mafita, kuma mafitar da suka fara nema ita ce su guje wa zuciya su koma ga abin da ake iya aunawa. A gyaran 2019 aka ce hannun da ya ƙara wa jiki faɗi ba bisa ɗabi'a ba, ko wanda ya ɗaga sama da kafaɗa, yawanci laifi ne ko da niyya ko babu. Aka kuma ce duk cin da hannu ya shiga cikin samuwarsa a soke shi, ko da kuskure ne. A 2020 aka shata iyakar hannu, aka ce daga ƙasan hammata yake farawa. Manufar mai kyau ce, wato a samu hukunci iri ɗaya a ko'ina, abin da ya ci Doma kada ya bar Awe.

Sai dai garin neman gira aka kusa rasa ido. Aka wayi gari ana ba da fenareti a kan ɗan wasan da ya juya baya, ko wanda ya yi tsalle hannunsa ya tashi kamar yadda hannun kowane mai tsalle yake tashi. Masu tsaron baya suka koma tunkarar abokan hamayya hannuwansu a goye a baya kamar ɗaurarru. Dokar da aka yi don hana hannun da ya saɓa wa ɗabi'a ita ce ta haifar da tsayuwar da ta fi kowace saɓa wa ɗabi'a. Ganin haka, a 2021 hukumar ta ja da baya. Ta bayyana cewa ba kowace taɓawa ce laifi ba, kuma hannu yana zama ya ƙara wa jiki faɗi ne kawai idan motsin da ɗan wasa yake yi a wannan hali bai isa ya zama hujjar inda hannun yake ba. Ta kuma daina soke ci saboda kuskuren hannun abokin wasa. Da wannan aka sake mayar wa alƙali da nauyin da aka so a sauke masa, wato ya yi amfani da hankalinsa. Gardama kuwa ba ta mutu ba. A ranar 5 ga Yuli, 2024, a birnin Stuttgart, Jamal Musiala na Jamus ya buga ƙwallo ta daki hannun Marc Cucurella na Sifaniya a ƙarin lokaci, alƙali Anthony Taylor ya ce a ci gaba da wasa, Jamus ta fita daga gasar ƙasashen Turai a gidanta. Bayan 'yan watanni kwamitin alƙalai na hukumar ƙwallon Turai ya ce kamata ya yi a ba da fenareti.

Abin da Na'ura Take Gani

Da aka shigar da na'urar VAR cikin doka a 2018, mutane da yawa sun zaci ƙarshen gardama ya zo, tun da gani ya kori ji. Babu shakka na'urar ta yi amfani. Da tana nan a 1986 ko a 2009, da cin Maradona da na Gallas ba su tsaya ba. Tana amsa tambayar ko ƙwallo ta taɓa hannu, da inda ta taɓa, da ko a cikin yadi goma sha takwas ne ko a waje. Amma waɗannan duka tambayoyin zahiri ne. Tambayar da doka ta fi damuwa da ita, wato dalilin da ya kai hannun wurin, babu gilashin da ke hango ta.

Bugu da ƙari, na'urar tana da wata illa da ba kowa ke lura da ita ba. Idan aka sassauta gudun hoto, abin da ya faru cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya sai ya ɗauki daƙiƙa biyar ko shida a allo. Mai kallo sai ya ga kamar ɗan wasa ya hango ƙwallo, ya yi shawara, ya kai hannu. Lokacin da na'ura ta ara wa mai kallo, sai mai kallo ya ɗauka ɗan wasan ma ya same shi. Ta haka kuskure yake sanya rigar ganganci. Alƙalin da ya san aikinsa yakan duba hoton da aka sassauta don ya tabbatar da taɓawa, sannan ya koma ga gudun asali don ya auna ko akwai damar kaucewa.

Ganganci, Sakaci da Kuskure

A ganina, abin da ya rikitar da abokaina biyu a wancan dare shi ne sun ɗauka gida biyu ne kawai, alhali kuwa uku ne. Harshenmu ma ya bambanta su. Akwai ganganci, inda mutum ya nufi aikin. Akwai kuskure, inda abu ya auku ba da nufi ba kuma ba da hanyar kauce masa. A tsakaninsu akwai sakaci, inda mutum bai nufi sakamakon ba, amma ya sa kansa a halin da mai hankali ya san yana iya haifar da shi. Wanda ya saki akuyarsa da damina bai nufi ta ci shukar kowa ba, duk da haka idan ta ci ba zai ce ƙaddara ce kawai ba. Mai tsaron bayan da ya tunkari mai buga ƙwallo hannuwansa a buɗe kamar fikafikan shaho shi ne mai akuyar nan. Bai ce ƙwallo ta zo hannunsa ba, amma ya shimfiɗa mata tabarma. Wannan shi ne ainihin abin da gyaran 2021 yake nufi, kuma ina ganin ya dace da hankali.

Saura batun soke cin da ɗan wasa ya yi da hannunsa bisa kuskure. Wasu suna ganin zalunci ne a hukunta wanda bai yi nufi ba. Amma a nan ya kamata a bambanta hukunta mutum da hana shi riba. Idan kuɗin wani suka faɗa cikin jakarka a kasuwa ba da saninka ba, ba wanda zai kira ka ɓarawo, amma kuma kuɗin ba su zama naka ba. Wanda ƙwallo ta daki hannunsa ta faɗa raga ba a ba shi kati, ba a zarge shi da ha'inci ba, an dai karɓe abin da bai samu ta halastacciyar hanya ba. Wannan ya sha bamban da ba da fenareti a kan mai tsaron bayan da ƙwallo ta faɗo wa hannu daga taku biyu, domin shi an ɗora masa hukunci mafi tsanani a wasan a kan abin da ba shi da ikon hanawa.

Idan muka auna hannun Rojo da wannan ma'auni, dole in faɗi abin da ba ya yi mini daɗi. Mutumin ya tashi ne don ya sa kai, ya kuma sa kan, ƙwallo ta kuɓuce daga kansa zuwa hannun da tsalle ya ɗaga, a tazarar da ba ta kai kamu ɗaya ba. Babu ganganci, kuma da wuya a kira shi sakaci. A bisa dokar da ake aiki da ita a 2018, alƙalin nan bai zalunce mu ba. Da ɗan wasanmu ne abin ya faru da shi aka ba Ajantina fenareti, da har yau muna tsine wa alƙalin. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, ka taka naka ka hango na wani. Gwajin mai son adalci shi ne ya yarda da ma'auni ɗaya ranar da ya ba shi da ranar da ya hana shi.

Mai ja da wannan ra'ayi zai ce, idan aka bar wa alƙali ya auna sakaci da hankalinsa, ai an buɗe ƙofar saɓani da son rai, kuma hukunci iri ɗaya ga kowa shi ma rukuni ne na adalci. Wannan magana tana da nauyi, ba kuma zan yi kamar ba ta da shi ba. Amma mun riga mun ga abin da ya faru tsakanin 2019 da 2021 da aka gwada ɗaya hanyar. Dokar da ba ta duban dalili tana daidaita mai laifi da marar laifi, wannan kuwa daidaito ne na awo kawai. Mu da ke cikin jami'a mun san misalinsa. Ana iya samun takarda a aljihun ɗalibai biyu a zauren jarrabawa, ɗaya ya shigo da ita don ya yi satar amsa, ɗaya ya manta da ita tun daren jiya kuma ba ta shafi darasin ba. Kwamitin da ya kore su duka biyu ya huta da bincike, kuma ba wanda zai zarge shi da bambanci, amma ya ɗauki alhakin mutum ɗaya. Maganin saɓanin alƙalai shi ne a horar da su, a riƙa bayyana dalilan hukuncinsu, a kuma cire wanda aka samu da son rai. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima, kuma idon da aka horar ya fi kusa da daidai.

Wanda Ya Sani

Duk da haka akwai ragowar da doka da na'ura da horo ba za su taɓa cikewa ba. A kowane hannu da ake gardama a kansa, akwai mutum ɗaya a fili da ya fi kowa kusa da sanin gaskiya, shi ne mai hannun. A watan Satumba na 2012, a wasan Napoli da Lazio a ƙasar Italiya, Miroslav Klose ɗan Jamus ya jefa ƙwallo a ragar Napoli tun farkon wasa, alƙali ya ba da ci. 'Yan Napoli suka yi ƙorafi, alƙali ya tambayi Klose, shi kuwa ya amsa cewa da hannu ya ci. Aka soke cin, kuma a ƙarshe ƙungiyarsa ta Lazio ta sha kashi da ci 3 da nema. Klose ba ƙaramin ɗan wasa ba ne da za a ce bai san darajar ci ba, domin shi ne a 2014 ya kafa tarihin cin ƙwallo 16 a gasannin kofin duniya. Ya san abin da zai rasa, ya kuma zaɓi ya rasa shi.

Idan aka jera Maradona da Henry da Suárez da Klose, za a ga hannu iri ɗaya ne da mutane iri huɗu. Na farko ya ɓoye, na biyu ya amsa bayan ribar ta tabbata, na uku ya biya tara ya riƙe ribar, na huɗu ya mayar da ita tun tana da amfani ga mai ita. Doka ta iya hukunta na uku kaɗai, na farko da na biyu sun kuɓuce mata, na huɗu kuwa ya sauƙaƙa mata aikinta. Da a ce kowane ɗan wasa Klose ne, da dokar hannu ba ta wuce layi ɗaya ba. Tsawon da ta yi, da gyare-gyaren da ake yi mata kusan kowace shekara, ma'auni ne na yadda amana ta ragu tsakanin masu wasan.

Kammalawa

Wannan maƙala ta yi ƙoƙarin nuna cewa dokar taɓa ƙwallo da hannu tana tsaye ne a kan abin da ba ta iya gani. Idan ta yi watsi da niyya sai ta hukunta marar laifi, idan kuma ta dogara da niyya kaɗai sai mai wayo ya kuɓuce mata. Abin da ya rage wa alƙali shi ne ya bi alamu, ya raba ganganci da sakaci da kuskure gwargwadon iyawarsa, ya kuma san cewa wata rana zai yi kuskure. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, alƙalin wasa kuwa hannu aka ba shi ya tambaya, kuma hannu ba kullum yake faɗin gaskiya ba. Saboda haka ya kamata mu masu kallo mu rage gaggawar jifan alƙali da zargin cin hanci a duk lokacin da hukunci bai yi mana daɗi ba. Su kuma matasanmu da ke buga ƙwallo a filayen makarantu da na unguwa, inda sau da yawa babu alƙali balle na'ura, su tuna cewa a irin wannan hali wasan ya fara a 1863. Idan aka yi ihun hannu, mai hannun ne ya san abin da ya faru, kuma amsar da ya bayar a wannan lokaci ita ce za ta nuna irin mutumin da zai zama ranar da aka ba shi amanar da ta fi ƙwallo.